Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dattawa da shugabannin al'ummarmu a jihar Jojiya ta Amurka kan zaɓen sanata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena dattawa, malamanmu, shugabannin ƙungiyoyinmu maza da mata, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ɗanku ne ke rubuto muku, wanda kuka saba gani yana jera kujeru ranar taro, yana kwashe faranti in an watse. Na san ba tarbiyyarmu ba ce yaro ya miƙe gaban manya ya ce ga yadda za a yi. Sau biyu ina ɗaga hannu a taron wata-wata don in kawo wannan magana, sau biyun kuma lokaci na ƙarewa a kan lissafin asusun jana'iza. Shi ya sa na ga gara in rubuta a fili, kowa ya karanta sa'ad da ya samu sarari. Inda na kauce a dawo da ni hanya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da laifina zan fara, don kada a ce na zo nuna wa wani yatsa.

A watan Agustan 2022 na tashi daga gundumar DeKalb na koma Gwinnett. Na canza adireshi a wurin aiki, na canza a banki, na kai takardun yara sabuwar makaranta, amma rajistar zaɓe ko a raina ba ta zo ba. Da Nuwamba ta zo na ce a zuci, ai bana ba zaɓen shugaban ƙasa ba ne, na yi tafiyata aiki. Sai aka wayi gari babu wanda ya kai rabin ƙuri'u tsakanin 'yan takarar sanata Raphael Warnock da Herschel Walker, aka sa zagaye na biyu ranar 6 ga Disamba. Nan fa ƙasa ta ɗauka, rediyo da talabijin ba su da zance sai Jojiya, har 'yan'uwa daga gida suna bugo waya suna tambaya wai wa zan zaɓa. Kunya ta kama ni, na zauna da dare na buɗe shafin duba rajista a waya. Sunana na nan a tsohuwar gunduma, wadda doka ta riga ta cire mini haƙƙin zaɓe a cikinta tunda na bar ta fiye da kwana 30. Na ce to bari in yi sabuwa. Ashe an rufe rajistar zagaye na biyun tun ranar 7 ga Nuwamba, wato kwana ɗaya kafin ma a yi zagayen farko. Ni da na yi shekaru ina jiran ranar rantsuwar zama ɗan ƙasa, na haddace tambayoyi 100 na jarrabawar, har da wadda ke cewa sanatoci nawa ne kuma shekara nawa suke yi, haka na zauna a falo ina kallon sakamako kamar baƙo.

A cikin makonnin nan ne aka yi wani suna ranar Asabar a zauren da muka saba haya. Ina raba ruwa a teburin manya sai na ji wani babanmu, wanda ya fi shekara 20 da fasfon ƙasar nan, yana cewa, "Wane irin zaɓe kuma? Ba mun yi ba watan jiya?" Na kusa da shi ya gyara hula ya ce, "Bar su, Alhaji. Sanata ai na mazaɓarsa ne, mu nan wa ya san da zamanmu?" Aka yi dariya, aka ci gaba da cin abinci. Ban ce uffan ba, don ni ma ba ni da bakin magana. Amma maganar nan ta biyu ita ce ta hana ni sukuni, domin a nan kuskurenmu yake.

Waɗanda muka taso a Najeriya mun saba da sanata na yanki: kowace jiha an raba ta uku, ga na arewa, ga na tsakiya, ga na kudu, a haɗa da guda na Abuja su zama 109. 'Yan'uwanmu da suka zo daga Nijar da zangunan Gana kuwa ba su ma saba da majalisa biyu ba, guda ɗaya suka sani. To a nan Amurka lamarin daban yake. Sanatoci 100 ne, kowace jiha biyu, ko tana da mutum miliyan 39 da rabi kamar Kalifoniya, ko ba ta kai dubu 600 ba kamar Wayomin. Kuma ba a raba jihar gida biyu a ce wannan naka wannan nawa. Kowane ɗaya daga cikin biyun jiha ce gaba ɗaya ke zaɓensa. Ƙuri'ar da aka jefa a Clarkston da wadda aka jefa a Savannah ko wani ƙauyen manoman gyaɗa can kudu, duk ƙwarya ɗaya suke faɗawa, a ƙirga su daidai wa daida. A zaɓen ɗan Majalisar Wakilai mutum na iya cewa an shata mazaɓarsa yadda tun kafin a fara an san jam'iyyar da za ta ci, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. A zaɓen sanata wannan uzuri bai da wurin zama, don iyakar jiha ba a sake zana ta.

Wannan daidaito ma ba a sama aka tsince shi ba. Kafin 1913 tsarin mulki bai ba talakawa damar zaɓen sanata kai tsaye ba, 'yan majalisun jihohi ne ke zama su naɗa, sai da gyara na 17 ga tsarin mulki ya maido abin hannun jama'a. A nan Jojiya kuma, ko bayan haka, an daɗe ana zaɓen fidda gwani da wani tsari na ƙirga gundumomi maimakon ƙirga mutane. Gundumar da ta fi kowace ƙanƙanta tana da maki biyu, Fulton da duk Atlanta a cikinta tana da shida kacal. Da aka kai ƙara Kotun Ƙoli, lissafin da ya fito shi ne ƙuri'ar mutum ɗaya a gundumar Echols ta kai nauyin ta mutum 99 a Fulton. A 1963 kotun ta rushe tsarin a shari'ar Gray da Sanders, kuma daga wannan hukunci ne kalmar nan ta "mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya" ta shiga bakin duniya. Mu da muke zaune a gundumomin kewayen Atlanta, mu ne muka gaji amfanin shari'ar, ba tare da mun yi wahalarta ba.

Sai tambayar da na san wani zai yi: to me sanata ke tsinana mana?

Allah ya ja zamaninku, ku tuna watan Janairun 2020, lokacin da aka saka Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama. A cikinmu akwai wanda ya gama biyan komai don ɗauko mahaifiyarsa, akwai wadda mijinta ke jiran kiran ofishin jakadanci, aka wayi gari komai ya tsaya cik. Kowa ya ce shugaban ƙasa na lokacin ne, Donald Trump, kuma shi ɗin ne ya sa hannu. Amma abin da ya ba shi ƙafar tsayawa shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2018, wanda ya tabbatar masa da ikon yin irin wannan hani, alƙalai biyar suka amince, huɗu suka ƙi. Ɗaya daga cikin biyar ɗin, Neil Gorsuch, yana zaune ne a kujerar da ta zama babu kowa tun Fabrairun 2016. Obama ya gabatar da Merrick Garland don cike kujerar, masu rinjaye a Majalisar Dattawa suka ƙi ko sauraronsa har shekara ta ƙare, sannan a Afrilun 2017 suka tabbatar da Gorsuch da ƙuri'a 54 da 45. Ban kawo wannan don in ce wane ne mai gaskiya ba. A cikinmu akwai masu ganin hukuncin daidai ne, kuma ra'ayinsu ne. Abin da nake so a gani shi ne igiyar da ta taso daga akwatin zaɓen sanata har ta kai ga fasfon wata tsohuwa da ke jiran ganin jikokinta. Alƙalan tarayya ba su da wa'adi, sai mutuwa ko murabus ko tsigewa, kuma babu wanda ke hawa sai da yardar Majalisar Dattawa. Haka ministoci, haka jakadun da ake turawa Abuja da Yamai da Akara.

Masu inshorar lafiya ta dokar Obama su ma su tuna daren 28 ga Yulin 2017, sa'ad da aka zo soke wani babban ɓangare na dokar. Ƙudurin ya faɗi a Majalisar Dattawa da 49 da 51, bayan sanata John McCain na Arizona ya shigo zaure ya nuna babban yatsansa ƙasa. Da mutum ɗaya ya sauya, mataimakin shugaban ƙasa ne zai raba gardama. Dokar da ta hana Amurka tallafa wa rundunar sojan wata ƙasa da aka samu da take haƙƙin ɗan Adam, wadda aka sha ambata duk lokacin da Najeriya ta nemi sayen jiragen yaƙi, sunan wani sanata take ɗauke da shi, Patrick Leahy na ƙaramar jihar Vermont. Ga kuma wani abu da da yawanmu ba mu sani ba: kowane sanata yana da ofis a cikin jihar da ma'aikata na musamman masu bin kadin takardun da suka maƙale a hukumomin tarayya, har da na shige da fice. Ka cike takardar izini ka sa hannu, su rubuta wa hukumar su tambayi inda aka kwana. Ba za su sa a ba ka abin da doka ba ta ba ka ba, amma fayil ɗin da ya yi shekara biyu yana barci yakan motsa. Mu kuwa sai mu kwashi kuɗi mu kai wa wani mai cike fom a bayan shago.

Kuma kujerar ta shekara shida ce. Wanda aka zaɓa ranar 3 ga Nuwamban 2026, a kujerar da Jon Ossoff ke kai, zai zauna har Janairun 2033. Yaron da ke aji shida yanzu, kafin a sake tambayarmu game da wannan kujera ya isa jefa ƙuri'a da kansa. Ɗaya kujerar, ta Warnock, sai 2028.

Yanzu bari in zo kan inda muka fi faɗuwa, wato zagaye na biyu. A yawancin jihohi wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. A Jojiya dole sai mutum ya haura kashi 50 cikin 100, in ba haka ba manyan biyu su sake karawa. Dokar ta samo asali ne a shekarun 1960, jim kaɗan bayan rushe tsarin ƙirga gundumomi, kuma ɗan majalisar jiha da ya fi kowa tura ta, Denmark Groover na Macon, mai goyon bayan wariyar launin fata ne a lokacin. Ko ma mece ce niyyar farko, abin da tarihi ya nuna shi ne zagaye na biyu ba ya da aboki na dindindin, na wanda mutanensa suka dawo ne. A 1992 Wyche Fowler na Dimokurat ne kan gaba a Nuwamba, Paul Coverdell na Rifablikan ya kayar da shi a zagaye na biyu. A Nuwamban 2020 David Perdue na Rifablikan ya samu kashi 49.7, ya ba Ossoff tazarar ƙuri'a kusan dubu 88, saura ƙiris ya tsallake. Ranar 5 ga Janairun 2021 Ossoff ya dawo ya ci da kusan dubu 55. A ranar ce kuma Warnock, limamin majami'ar Ebenezer inda Martin Luther King ya yi wa'azi, ya kayar da Kelly Loeffler ya zama baƙar fata na farko da ya wakilci Jojiya a Majalisar Dattawa. Kujerun nan biyu suka mayar da majalisar 50 da 50, ragama ta koma hannun Kamala Harris, mataimakiyar shugaban ƙasa a lokacin, mai raba gardama. Wato jihar da muke zaune a ciki ita ta yanke wa ƙasa duka wanda zai riƙe majalisa shekara biyu. A zagayen Disamban 2022, wanda ni na kalla daga falo, tazarar ba ta kai dubu 100 ba cikin ƙuri'a miliyan uku da rabi.

Na san za a ce dubu 55 ma ai ta fi yawanmu nesa ba kusa ba. Haka ne, ba zan yi mana ƙaryar yawa ba. Sai dai a Minesota a 2008 Al Franken ya ci kujerar sanata da ƙuri'a 312 cikin kusan miliyan uku, aka yi ta ƙirga da shari'a har Yulin 2009 kafin a rantsar da shi. Mutum 312 ai filin idinmu ya fi haka. Kuma ko ba a zo kusa haka ba, 'yan siyasar nan suna da kundin da ke nuna wanda ya fito zaɓe da wanda bai fito ba. Ba a ganin wanda ka zaɓa, amma ana ganin ka je. Unguwar da ke fitowa ita ake bugawa waya, ita ake aiko wa wakili in an yi rasuwa ko gobara. Babanmu da ya ce wa ya san da zamanmu, amsar tana cikin wannan kundin.

Tun dokar zaɓe ta 2021 an rage tazarar zagaye na biyu daga mako tara zuwa huɗu. Kwanakin zaɓen wuri, da suke kai mako uku kafin Nuwamba, sukan dawo kamar mako guda. Ga shi yana faɗowa daidai lokacin da masu aikin rumbunan kaya da direbobi ke cikin ƙarin awoyi na ƙarshen shekara, wasu kuma sun riga sun yanki tikitin tafiya gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai yi rajista ba tun farkon Oktoba, kusan wata guda kafin zagayen farko, ya rasa zagayen farkon, in kuma ya jira sai an sanar da na biyu, ya sa kansa cikin irin halin da na shiga.

To ga roƙona, iyayena. Mu al'umma ce da in aka yi rasuwa da asuba, kafin azahar saƙo ya zaga kowace waya, kafin la'asar an tara kuɗin makabarta, an san wa zai kai abinci gidan makoki, wa zai ɗauko baƙi daga filin jirgi. Ba mu da ƙarancin tsari, ba mu dai taɓa juya shi ta wannan fuska ba ne. Ina roƙon a ajiye tebur ɗaya da kwamfuta a bakin zaure duk ranar taro da bayan sallar Juma'a, daga watan Agusta har a rufe rajista, matasa biyu su zauna su duba wa kowa sunansa da adireshinsa. Aikin minti uku ne. Wanda ya tashi daga gunduma zuwa gunduma a gyara masa nan take. Iyayenmu mata da ba sa tuƙi a haɗa su da motoci a kwanakin zaɓen wuri, kada a bari sai ranar Talata da kowa ke aiki. A gaya wa tsofaffin da Turanci ke ba wuya cewa dokar tarayya ta ba wanda ba ya iya karanta takardar zaɓe damar shiga da mataimakin da ya zaɓa da kansa, ɗansa ko jikarsa, in dai ba mai gidansa na wurin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa ba ne. A tuna musu su riƙe katin shaida mai hoto, wanda ba shi da shi kuma ofishin rajista na gunduma na bayar da na zaɓe kyauta. Rumfuna na buɗewa bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, kuma wanda bakwai ta yi masa a kan layi ba a korarsa. Sannan washegarin zaɓen Nuwamba, in aka ce akwai zagaye na biyu, saƙo ya fita da murya, da Hausa, daga bakin wanda ake jin maganarsa, a ce ba a gama ba, kuma ko wanda bai fita a Nuwamba ba yana iya fita yanzu muddin yana da rajista.

Akwai gargaɗi guda da nake so ya fito daga bakinku, domin ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba kada ya kusanci rajistar zaɓe, ko da yana da katin zama na dindindin, ko da ya yi shekara 30 yana biyan haraji. Laifi ne a dokar tarayya, yana iya jawo kora daga ƙasa, kuma yana iya rufe wa mutum ƙofar zama ɗan ƙasa har abada. A Jojiya ana haɗa rajistar zaɓe da neman lasisin tuƙi, don haka mai katin zama ya buɗe ido sosai a kan abin da yake sa wa hannu a wurin, in bai gane ba ya tambaya kafin ya taɓa. Matasan da za a ɗora a tebur, tambayarsu ta farko ga kowa ita ce, "Baba, an yi rantsuwa?" In ba a yi ba, a ba shi haƙuri a nuna masa hanyar neman takardar zama ɗan ƙasa. Kada zumuɗinmu ya jefa bawan Allah cikin masifa.

Abin da ba na roƙo kuma shi ne a tsayar mana da ɗan takara. Na faɗi haka ne don na san halinmu. Da zarar an ji muna da tebur da jerin sunaye, wani zai zo da murmushi da alkawarin gudummawar gini, yana neman a ɗauke shi hoto da dattawa a ce al'umma ta yi mubaya'a. Mun ga inda irin wannan ya kai mutane a inda muka fito. Ƙungiyoyin da aka yi wa rajistar agaji aka yafe musu haraji, doka tun 1954 ta hana su tallata ɗan takara, amma ba ta hana su taimaka wa jama'a yin rajista ba tare da nuna ɓangare ba. Ko babu doka ma, a cikinmu akwai mai shago da haraji ya dama, akwai ma'aikaciyar jinya da inshora ta dama, akwai uban da abin da ake koya wa 'ya'yansa a makaranta ya dama, akwai wanda hankalinsa duk yana kan manufofin ƙasar nan a waje. Ba za su zaɓi mutum ɗaya ba, kuma ba dole ba ne. In 'yan takara na son zuwa, a gayyaci kowane ɓangare, a zaunar da su a kujera iri ɗaya, a yi musu tambayoyi iri ɗaya, a sa wanda zai fassara wa iyayenmu. Masu shakka ta fuskar addini kuwa, wannan fagen malamai ne, ni ban isa ba, sai dai ina roƙon Allah gafarta malam su yi bayani a fili tun da wuri, kada a bar kowa da abin da ya tsinta a WhatsApp.

Ni dai na gyara rajistata tun Janairun 2023, na kuma gyara ta mai ɗakina. Ina da tebur mai naɗewa a gareji da tsohuwar kwamfuta da ke aiki, kuma yara biyu 'yan jami'a sun ce za su zauna tare da ni. Abin da ya rage shi ne izininku, da minti goma a taro mai zuwa. In da hali a ba ni kafin a buɗe littafin asusun jana'iza.

Wassalam.

Ɗanku,
mai jera kujeru, daga Gwinnett